Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa da shugabannin asibitoci, kan wanda ya warke daga korona amma gwaji bai daina ganin ƙwayar ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu likitoci ne da ma'aikatan jinya da masu aikin ɗakin gwaje-gwaje. Mun san tun ranar 5 ga Mayun 2023, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke korona daga matsayin annobar gaggawa, hankalin ma'aikatunku ya koma kan kwalara da mashaƙo da sanƙarau da zazzaɓin Lassa, kuma da gaskiyarku. Sai dai ƙwayar korona ba ta bar gari ba, ta shiga sahun cututtukan mura da ke zagayowa. Ta kuma bar mana tambaya guda da ma'aikata ke amsawa da ka, kowa da tasa amsar: mutum ya yi jinya ya samu sauƙi, an yi mako uku ko huɗu, an sake ɗaukar majinarsa, sakamako ya dawo da cewa akwai ƙwayar. Yaya za a yi da shi?

Mutum biyu ne ke riƙe da irin wannan takarda, kuma bambancinsu ya kai na dare da rana. Na farko, wanda shi ne mafi yawa, ya warke sarai, ba ya shafa wa kowa komai, abin da na'ura ke gani ragowa ce kawai. Na biyu garkuwar jikinsa ce ta karye, ƙwayar na raye a jikinsa tana hayayyafa, wani lokaci har tsawon watanni. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake juya lamarin: na farko a tsare shi, a ɗage masa aiki, a hana shi komawa ofis ko makaranta, na biyu kuma a sallame shi a rana ta goma kamar kowa, ko a kwantar da shi kusa da masu cutar daji, saboda ba wanda ya tambayi yadda garkuwarsa take.

Tushen rikicin yana cikin yadda gwajin PCR ke aiki. Gwajin ba ya neman ƙwaya mai rai. Yana neman wani ɗan guntu ne na sinadarin gadonta, wato RNA, ya yi ta ninka shi har ya kai yawan da na'ura za ta gani. Kamar mutum ne ya je masussuka bayan an kwashe hatsi, ya ɗebi ƙasa ya ce ya ga alamar gero. Gaskiya ya faɗa, amma bai ce tsaba ce da za ta tsiro ko ƙaiƙayi ba. Kafin a san haka sai an shuka, wato a zuba samfurin a kan ƙwayoyin halitta masu rai a ɗakin gwaji mai tsaro mataki na uku, a jira kwanaki a ga ko ƙwayar za ta hayayyafa. Wannan aiki ne na cibiyoyin bincike, ba na asibitin jiha ba, shi ya sa muke dogara da abin da masu shukar suka gano.

Abin da suka gano kuwa ya zo ɗaya daga ƙasashe daban-daban. A Wuhan, cikin waɗanda aka kwantar suka rayu, rabinsu sun kai kwana 20 gwaji na ganin ƙwayar, mafi daɗewa kwana 37. A Munik ta Jamus an bi marasa lafiya 9 da cutar ba ta yi wa tsanani ba: PCR ya ci gaba da nunawa, amma bayan rana ta 8 da fara alamu ba a sake samun ƙwayar da ta tsiro ba. Da aka tattara bincike masu yawa a ƙarshen 2020, matsakaicin daɗewar RNA a hanci da maƙogwaro ya kama kwana 17, mafi tsawo kwana 83, alhali a cikin binciken da aka haɗa ba a samu ƙwaya mai rai bayan rana ta 9 ba. Wanda ya fi ba mu natsuwa shi ne na Koriya ta Kudu a watan Mayun 2020. Sun bibiyi mutum 285 da aka sallama gwaji ya sake nuna ƙwayar a jikinsu, da mutum 790 da suka yi cuɗanya da su. Ba a samu wanda ya kamu ta hanyarsu ba, kuma samfuri 108 da aka shuka ko ɗaya bai tsiro ba.

A kan wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye tsohuwar ƙa'idar nan ta sai an samu sakamakon babu sau biyu a jere kafin a sallami mutum. A tsakiyar 2020 ta koma lissafin kwanaki: kwana 10 daga fara alamu, a ƙara aƙalla kwana 3 ba zazzaɓi ba matsalar numfashi. Wanda alamunsa suka yi kwana 2 zai fita a rana ta 13, wanda suka yi kwana 14 zai fita a ta 17. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, NCDC, ta bi wannan hanya a watan Yunin shekarar. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara sassautawa: kwana 10 ga mai alamu, kwana 5 ga wanda gwaji ya kama ba shi da alama, kuma ana iya fita da wuri idan gwajin gaggawa na antijen ya nuna babu. Wanda cutar ta kai shi ga iskar oksijin ko ɗakin kulawa ta musamman lissafinsa daban ne, domin a Rotadam ta Holan, cikin marasa lafiya 129 da aka kwantar, an samu ƙwaya mai rai har rana ta 20. Irin wannan a ba shi kwana 20.

Lissafin kwana yana da sauƙi a takarda, amma a nan ne ake yawan tuntuɓe. Ana ƙirgawa ne daga ranar da alamu suka fara, ita ce rana ta sifili, ba daga ranar da sakamako ya fito ba. Idan samfuri ya yi kwana huɗu tsakanin hanya da layi, wanda ya ƙirga daga ranar sakamako ya ƙara wa mutum kwana huɗu na zaman banza. Kuma Bahaushe idan ya ce "na kwana biyu ba ni da lafiya" ba biyu yake nufi ba, yana iya zama goma. Ma'aikaci ya ɗaure tambayar da abin da mutum ba zai manta ba: ranar Juma'ar da ta wuce ka je masallaci? Ranar kasuwa kin fita? Da zazzaɓin kuka je sunan? Haka ake kamo ranar. Busasshen tari da rashin jin ƙamshi da kasala kan bi mutum makonni bayan ƙwayar ta mutu, ba a ƙara kwanakin killacewa saboda su.

Sai lambar da muke roƙon ta riƙa fitowa a kan takardar sakamako, wadda ake kira Ct. Na'ura na ninka guntun RNA zagaye bayan zagaye, har 40 ko 45, kuma Ct shi ne zagayen da aka fara ganin alama. Ƙwaya mai yawa tana bayyana da wuri, saboda haka ƙaramar lamba na nufin ƙwaya da yawa. Kowane zagaye uku da ɗan ɗori ninki goma ne, ke nan tsakanin Ct 20 da Ct 30 akwai bambancin ninki kusan dubu. A Kanada ba a samu tsiro ba a samfuran da suka wuce 24, a Marsel ta Faransa iyakar ta kama wajen 33 zuwa 34, a Ingila kuma cikin samfuran da suka wuce 35 kusan kashi 8 cikin 100 ne suka tsiro. Bambancin waɗannan lambobi shi kansa gargaɗi ne cewa ba a yanke hukunci da Ct kaɗai. Tsinken da bai shiga hanci sosai ba, ko samfurin da ya sha rana a mota, zai ba da lamba babba alhali mutum cike yake da ƙwaya. Wanda ya kamu jiya ma lambarsa babba ce, gobe ta faɗo. Maganin shakka shi ne a sake ɗauka bayan awa 24 zuwa 48 a na'ura ɗaya: idan lambar ta sauko sosai ƙwayar na hayayyafa, idan ta tsaya ko ta hau ragowa ce. Masu aiki da na'urar gwaji ta GeneXpert sun san cewa cikin guntayen gadon ƙwayar da take nema, a ƙarshen jinya sau da yawa alamar E kan ɓace, ta N2 ta rage ita kaɗai a can sama.

Gwajin antijen ya fi PCR kusa da amsa tambayar ko mutum na yaɗawa, domin sai ƙwaya ta yi yawa yake kamawa. Amma yana da sharuɗɗa. Yawancin kwalayen an rubuta a ajiye su tsakanin digiri 2 da 30, ɗakin ajiya mai rufin kwano kuwa a Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu ya wuce haka nesa. A karanta sakamako cikin mintunan da kamfanin ya rubuta, galibi 15 zuwa 30, layin da ya fito bayan awa guda ba abin dogaro ba ne. Layi mai dishi-dishi da ya fito a kan lokaci kuwa akwai ne. Wanda ya warke, kada a sake yi masa PCR cikin kwana 90 don neman shaidar warkewa. Idan sabon zazzaɓi ya zo masa cikin wannan lokaci, a yi antijen, a duba maleriya da sauran dalilai, tunda sake kamuwa na faruwa.

Ranku ya daɗe, ga inda muka fi so ku tsaya. Duk abin da muka faɗa a sama ya rataya ne a kan garkuwar jiki mai aiki. Inda ta karye, ƙwayar ba ta bin lissafin kwana 10. A jihar Washintan ta Amurka wata mata 'yar shekara 71 mai cutar dajin jini ta ci gaba da fitar da ƙwaya mai rai har kwana 70, ba tare da alama ba. A Boston wani mutum mai shan magungunan danne garkuwa ya yi kusan wata biyar da ita. A Landan an samu wanda ya kai kwana 505, a Amstadam wani dattijo ɗan shekara 72 ya kai kwana 613, ƙwayar ta sauya a wurare fiye da 50 a jikinsa. Wanda ya fi kama da abin da ke zuwa asibitocinmu shi ne na birnin Durban a Afirka ta Kudu: mata 'yar shekara 36 mai ƙanjamau da ya yi nisa, maganinta ya daina aiki, CD4 ɗinta, wato adadin ƙwayoyin garkuwa da ke cikin jininta, ya faɗi ƙasa warwas. Ta yi kwana 216 da korona, ƙwayar na ta sauya kama. Abin da ya kawo ƙarshen lamarin shi ne sauya mata maganin ƙanjamau zuwa haɗin da ke da dolutegrabir. Da ƙanjamau ya kwanta, jikinta ya share koronar.

Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum wajen miliyan 1.9 ne ke da ƙanjamau a Nijeriya. Mafi yawan waɗanda ke shan magani a kan kari garkuwarsu lafiya lau, lissafinsu na kowa ne, kuma muna roƙon a faɗi wannan da babbar murya, domin mutanen nan sun sha tsangwamar da ta ishe su. Waɗanda muke nufi su ne wanda bai san yana da cutar ba, da wanda ya bar magani, da wanda CD4 ɗinsa ke ƙasa da 200. A haɗa da masu dajin jini da na kaluluwa, da masu karɓar maganin daji, da wanda aka yi wa dashen ƙoda, da wanda aka ba rituksimab, maganin da ke danne garkuwa, cikin watannin baya, tunda tasirinsa kan kai wata shida ko fiye. Akwai kuma rukunin da fayil ba ya nunawa: masu sayen firednisolon ko deksametazon a kemis saboda ciwon gaɓoɓi ko asma ko neman ƙiba. Miligiram 20 na firednisolon kullum har mako biyu ko fiye ya isa ya danne garkuwa. Sai an tambaya a tsanake, a nemi ganin kwalin maganin. Kuma kada a ce wa mutum ya daina nan take, yanke irin wannan magani farat ɗaya na iya kisa, a hankali ake rage shi.

Ga wannan rukuni matakan su ne: killacewa aƙalla kwana 20, kuma ba a fita sai da gwaji biyu a jere da suka nuna babu, da tazarar awa 24 zuwa 48. Duk wanda ya wuce kwana 20 antijen na nuna akwai, ko Ct ɗinsa ya ƙi hawa, a yi masa gwajin ƙanjamau bayan nasiha, a auna CD4, a nemi tarin fuka a kakinsa, a duba jininsa. Idan yana kan maganin ƙanjamau a auna yawan ƙwayar a jini a ga ko maganin na ci. A ɗakin kwanciya a raba shi da masu cutar daji da jarirai bakwaini, a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin gadaje, a buɗe tagogi biyu masu kallon juna, shi da mai jinyarsa su sa takunkumi. Mai wankin ƙoda ba a fasa masa wanki, a ba shi zango na ƙarshe a na'urar da ke gefe. Idan an kai wata guda, a aika samfuri inda ake karanta jerin gadon ƙwayar, kamar babban ɗakin gwajin NCDC da ke Gaduwa a Abuja, ko cibiyar ACEGID da ke Ede, wadda ta fara karanta na korona a Afirka a Maris na 2020. Ta haka ake sanin tsohuwar ƙwayar ce ta zauna ko sabuwa ce ta shigo. Samfuri na jure awa 72 a sanyin digiri 2 zuwa 8, bayan nan sai a daskare shi a digiri 70 ƙasa da sifili, don haka a shirya motar kafin a ɗauka.

Maganin korona na Paxlovid, inda ya samu, waɗannan mutane ne suka fi cancanta da shi, kuma cikin kwana 5 na farko ake fara shi, a sha kwana 5. Ritonabir da ke cikinsa yana karo da magunguna da yawa. Rifamfisin na tarin fuka yana zubar da ƙarfinsa, haka karbamazefin da fenitoyin da fenobabiton na farfaɗiya, ba a haɗa su. Takrolimus na masu dashen ƙoda kuma yana hauhawa a jini har ya zama guba. Wasu bayan sun gama sha, cikin kwana 2 zuwa 8, alamu kan dawo gwaji ya sake nunawa. Wannan kan faru har ga wanda bai sha maganin ba, kuma a wannan karon mutum na iya yaɗawa, sai a sake killace shi kwana 5.

A bayan gida RNA na daɗewa fiye da hanci, an gan shi har kwana 126, amma da wuya ake samun mai rai a ciki, ba dalilin tsare kowa ba ne. Abin da ake bukata sabulu ne da sinadarin kulorin. Ruwan bilic mai ƙarfin kashi 3.5 cikin 100, gwangwani ɗaya a ruwa gwangwani 6 ya ba da kashi 0.5 na zubawa a kan bayan gida da jini, gwangwani ɗaya a ruwa 34 ya ba da kashi 0.1 na goge gado da ƙofa. A haɗa sabo kullum, a rufe shi daga rana.

Tiyata fa? Aikin gaggawa ba ya jiran gwaji, ko na haihuwa ne ko na hanji. Shawarar nan ta a jira mako 7 kafin aikin da ba na gaggawa ba ta fito ne daga wani babban bincike na 2021 a ƙasashe 116, kuma dalilinta lafiyar huhun mara lafiyar ne, ba tsoron ya shafa wa likita ba. Daga baya a Ingila an sassauta zuwa mako 2 ga wanda haɗarinsa kaɗan ne. Mai jego ta ci gaba da shayarwa, ta wanke hannu ta sa takunkumi a kwanakin farko.

Abin da muke nema bai wuce ƙarfin kowace ma'aikata ba. A fitar da shafi ɗaya mai ɗauke da waɗannan ƙa'idoji, a manna shi a ɗakin karɓar gaggawa da ɗakin gwaji da na tiyata da na wankin ƙoda da asibitin masu ƙanjamau. A ƙara gurbi uku a takardar neman gwaji: ranar da alamu suka fara, ko mutum ya taɓa kamuwa cikin kwana 90, da halin garkuwarsa. Ɗakin gwaji ya rubuta Ct da sunan na'urar. Wanda aka sallama a ba shi takarda da Hausa da Turanci mai cewa ya cika kwanakinsa kuma gwaji na iya ci gaba da nunawa har wata uku, don kada shugaban ofis ko na makaranta ya tura shi neman wani sakamako, kada kuma maƙwabta su ƙaurace wa gidansa.

A shafin a ware layi guda ga wata 'yar uwar korona, wato MERS, wadda ta bayyana a Saudiyya a 2012 kuma take kashe kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu. Alhazanmu da masu Umara na zuwa can duk shekara. A mayankar Kano ma an samu ƙwayar a hancin wasu raƙuma a 2015, ko da yake binciken da aka yi wa mahautan wurin bai nuna sun kamu ba. Halinta ya saɓa da na korona: ƙwayar na kai ƙololuwa ne wajen rana ta 7 zuwa ta 10, kuma a can cikin huhu take zama, saboda haka kaki ya fi majinar hanci nuna ta. A Koriya ta Kudu a 2015 mutum 186 suka kamu, 38 suka rasu, galibi a cikin asibitoci aka yaɗa ta, kuma mara lafiya na ƙarshe mai dajin kaluluwa ne da ya yi watanni gwaji na nuna ƙwayar. Lissafin kwana 10 ba nata ba ne. Alhajin da ya dawo da zazzaɓi da sarƙewar numfashi cikin kwana 14 da barin Saudiyya a keɓe shi, a ɗauki kakinsa, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, kuma idan ta tabbata ba a sallame shi sai da gwaji biyu masu nuna babu, da tazarar aƙalla awa 24.

Allah Ya taya ku riƙo, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Daga wasu likitoci da ma'aikatan jinya da masu aikin ɗakin gwaje-gwaje a Arewacin Nijeriya.